Hunturun Adar da Tseren Jiragen Teku na Intanet

Ƙasar Adar ƙasa ce ta dutse da fako da kwaruruka, kuma ruwa mafi faɗi da yawancin ƴaƴanta suka taɓa sa wa ido shi ne tabkin Tabalak, a kan hanyar Agadas, inda masunta ke tuƙa ƙananan jiragensu. Daga birnin Tawa zuwa bakin teku mafi kusa, wajen Kwatano ko Ikko, akwai kusan kilomita 1000 idan aka miƙe babu ratse. Saboda haka mai karatu yana da hujja idan ya yi mamakin abin da ya kawo zancen tseren jiragen teku a shafin da aka saba tattauna harshe da al'ada. Amsar ita ce, yau yaron da ke zaune a Afala, arewa da Tawa, in yana da wayar salula mai intanet, yana iya shiga tseren kewaye duniya tare da dubban ɗaruruwan mutane, ya tuƙa jirginsa na hoto a kan taswira har sama da wata 2. Abin da zai tarar a ciki kuwa ya cancanci malamai su dube shi da idon basira, domin gwanintar da ake nema duka ta karatun iska ce, kuma iskar da zai karanta a makonnin farko ita ce wadda ke fasa masa leɓe da dugadugai a kowane hunturu.

Tsere biyu a kan hanya ɗaya

Tseren da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne Vendée Globe, wanda aka fara a Faransa a 1989, ake kuma maimaita shi bayan kowace shekara 4. Sharuɗɗansa su ne mutum ɗaya a cikin jirgi, babu ya da zango a wata tasha, babu karɓar taimakon kowa. Tsawon jirgin mita 18 ne da ɗan ɗoriya, kuma iska kaɗai ke tura shi, ta hanyar manyan zannuwa da ake ɗaurawa a jikin wani dogon jigo. Ana tashi daga garin Les Sables-d'Olonne a watan Nuwamba, a gangara tekun Atlantika, a kewaye ƙurewar Afirka ta kudu, a bi ta kudancin Ostareliya, a kewaye ƙurewar Amurka ta Kudu da ake kira Kap Horn, sa'an nan a hauro gida. A lissafin takarda tafiyar kusan kilomita 45,000 ce, a aikace kuwa kowa yana ƙetare haka. Wanda ya ci na farko, Titouan Lamazou, ya yi kwana 109. Charlie Dalin, wanda ya sauka a Janairun 2025, ya yi ta a kwana 64 da awa 19.

A 2006 wani Bafaranshe mai suna Philippe Guigné ya fito da wasan intanet da aka sani da Virtual Regatta, domin mai kallo ya samu ya tuƙa nasa jirgin a kan hanyar da matuƙan gaske ke bi, kuma a cikin kwanakin da suke bin ta. A tseren 2008 zuwa 2009 masu wasa sun haura 300,000. A na 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, sun haura miliyan 1, alhali matuƙan gaske da suka tashi 33 ne kawai.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Iskar da ke cikinsa ana ɗauko ta daga hasashen yanayi na gaske, wanda hukumar yanayin Amurka ke fitarwa, ana kuma sabunta ta sau 4 a rana. Mai wasa yana zaɓen inda goshin jirginsa zai fuskanta da irin zanen da ya dace da ƙarfin iskar, sa'an nan ya rufe wayarsa. Jirgin ba ya tsayawa don mai shi ya yi barci. Yana ta tafiya dare da rana a kan umarnin ƙarshe da aka ba shi, ko da iska ta juya, ko da tsibiri ya tare gabansa. Shi ya sa wasan ya fi kama da garkar albasa a kan sauran wasannin waya: a zagaya shi da asuba, a leƙa da azahar, a sake dubawa bayan magariba da kuma kafin kwanciya. Wanda ya manta da shi kwana 2 zai tarar ya kafe a gaɓar wata ƙasa.

Jirgin da ba ya fuskantar iska

Darasin farko da sabon shiga ke koya shi ne, jirgin zane ba ya tafiya tsaye zuwa inda iska ke fitowa. Idan aka fuskantar da shi can, zanen sai ya yi ta kaɗawa kamar tuta, jirgin ya tsaya cik. Sai an karkata shi da kusan digiri 45 kafin zanen ya cika. A nan iska takan ture shi gefe, wata doguwar wuƙa mai nauyi da ke ƙarƙashinsa cikin ruwa ta hana shi zamewa, sai ya sulluɓe gaba, kamar ƙwallon dabino da aka matse tsakanin yatsu biyu. Wanda ke son zuwa wurin da iska ke fitowa tilas ya yi ta karkace-karkace, dama da hagu, irin hawan jaki mai kaya a dutsen Adar. Tazarar kilomita 100 takan zama kusan 141. Hasali ma ko iska tana daga baya, jiragen zamani sun fi gudu idan ta ɗan bugo su daga gefe, don haka a can ma karkacewa ake yi. Lissafin matuƙi kullum shi ne neman kusurwar da ta fi kusantar da shi ga inda ya nufa a cikin awa guda, ko da wata kusurwar ta fi ta gudu.

Wasan yana da reshe na biyu, na gajeren tsere, wanda ake gamawa a cikin ƴan mintoci a kewayen wasu alamomi masu yawo a kan ruwa. Hukumar wasan jiragen zane ta duniya ta fara shirya gasar duniya a kansa a 2018, kuma a 2021 kwamitin Olamfik ya sa shi cikin wasannin intanet da ya shirya. Tawa ce ta karɓi kokowar ƙasa ta farko a 1975, kuma duk wanda ya saba zama a filin kokowa zai gane hankalin wannan reshe, domin dabarar ta gwada wayo ce tsakanin abokan karawa da ke ganin juna. Kafin tashi ana ƙirga lokaci, kowa yana neman ya ƙetare layi a daidai daƙiƙar da aka saki, da cikakken gudu. Wanda ya riga lokaci sai ya koma baya ya sake. Idan jirage 2 suka yi kiciɓis, wanda iska ke bugowa daga damansa shi ke da hanya, ɗayan ya kauce ko a ci shi tara. Zanen kowane jirgi kuma yana lalata iskar da ke bayansa, saboda haka gwani yakan shiga tsakanin abokin karawarsa da iska ya shaƙe shi. Akwai wata ƙa'ida da gwanaye suka yarda da ita: na gaba ya riƙa bin motsin na baya, in ya juya shi ma ya juya, domin duk iskar da ɗaya ya samu ɗayan ma ya same ta, na baya kuwa ya nemi rabuwa, tun da bin sawu ba zai taɓa sa shi gaba ba. Sai dai wannan reshe yana son intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, abin da ba kullum ake samu a karkara ba. Dogon tseren shi ne ya fi dacewa da ɗan Afala, kuma shi ne ya fi ilmi.

Daga Faransa zuwa daidai Afala

Bayan tashi, ayarin jiragen yakan wuce gaɓar Ispaniya da Fotugal, ya nufi tsibiran Kanari. Daga wajen nan iska takan daidaita, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas ba fashi. Faransawa suna kiranta alizé. Ita ce iskar da ke sauka a kan Adar daga hamada tun daga Nuwamba, ta kawo sanyi da hazo, wadda Bahaushe ke kira hunturu. A kan tudu busasshiya ce mai ƙura, a kan teku tana ɗaukar laima, amma tsarin da ke tura ta ɗaya ne. Ƙurarta ma tana isa can. Wani kaso nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, kuma takan ƙetare teku har dajin Amazon. Tun a 1832 masanin nan Charles Darwin ya tattara irin wannan ƙura da ta sauka a kan jirgin da yake ciki a kusa da tsibiran Kap Ber.

Wani abin ban sha'awa shi ne, birnin Praia, hedikwatar Kap Ber, yana kusan kan layi ɗaya da Tawa, wato dab da digiri 15 arewa da layin tsakiyar duniya. Ranar da jirgin ɗan Afala ya wuce waɗannan tsibirai, yana daidai da ƙofar gidansu ke nan, sai dai can yamma da nisan kusan kilomita 3000. Yana iya fita tsakar gida ya ji iskar a fuskarsa, ya koma ya ga kibiyoyinta a kan taswira suna nuna inda take nunawa.

A wajen tsibiran nan akwai tarkon da manomin Adar ya riga ya sani. Tun daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin su karya ƙarfin iska, gonakin da ke bayansu su huta. Tsibiri mai dogon dutse haka yake yi wa teku. Dutsen Teide na Kanari ya haura mita 3700, na Fogo a Kap Ber ya haura mita 2800, kuma a bayan kowannensu akwai doguwar inuwar iska. Abin da ya zama rahama ga hatsi masifa ne ga jirgin zane. Matuƙin gaske da ya ratsa ta bayan tsibiri don rage hanya yakan kwana yana kallon waɗanda suka yi nesa da shi suna wucewa.

Kudu da nan sai babbar jarrabawa, wurin da Faransawa ke kira pot au noir, tukunyar baƙi. A nan iskar arewa maso gabas ke haɗuwa da ta kudancin duniya, su tura juna sama, a ƙasa kuwa a rasa iska, sai tarin hadari da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan wuri ma ba baƙo ba ne ga Adarawa. Shi ne mahaɗar iskar da ma'aikatan hasashen yanayi ke bin sawunta kowace shekara, a Yamai, a cibiyoyi irin su Agrhymet da aka kafa a 1974. A tsakiyar hunturu tana can kusa da gaɓar tekun Gini. Da bazara ta shigo sai ta fara haurowa arewa, iska ta juya ta koma daga kudu maso yamma, tsofaffi su ce a gyara gona. A watan Agusta takan kai wajen digiri 20, damana ta kankama a bayanta, sa'an nan ta koma kudu da kaka. Ashe abin da manomin Afala ke roƙon Allah ya kawo a watan Yuni, shi ne matuƙi ke roƙon ya tsallake lafiya a watan Nuwamba.

Dabarar tsallake ta darasi ce mai zaman kanta. A yawancin shekaru tukunyar ta fi faɗi a kusa da Afirka, ta fi ƙunci can yamma, a tsakiyar teku. Mai haƙuri yakan ba da kilomitoci ya karkata yamma tun da wuri. A waɗannan kwanaki jerin matsayi yakan nuna shi a baya, domin jerin nisan da ya rage kawai yake aunawa, bai san iskar jibi ba. Masu bin gaɓar Afirka su hau sama, su yi murna, bayan kwana 3 ko 4 su faɗa cikin tsit. Sabon shiga da ke tuƙi da jerin matsayi a nan yake fara shan kashi.

Hanyar lafiya

Wanda ya dubi taswira zai ce daga tsakiyar duniya zuwa ƙurewar Afirka ta kudu sai a miƙe kudu maso gabas, a bi gefen Angola da Namibiya. Babu gwanin da ke yin haka. A tsakiyar kudancin Atlantika akwai wani babban tudun iska mai ɗauke da sunan tsibirin Sent Helena. A ƙoƙuwarsa babu iska, a gefensa na Afirka kuma iskar tana fuskantar matafiyi. Don haka ayarin yakan nufi Birazil, ya bi gaɓarta kudu, ya kewaye tudun ta baya, har ya kama iskar yamma mai ƙarfi da ke ƙasa da digiri 40, wadda za ta kora shi gabas. Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, a nan kuwa hanyar lafiya ita ce ma mai saurin kaiwa. Matuƙan Fotugal ne suka gano wannan kewaye. Vasco da Gama ya bi shi a 1497, kuma a 1500 Cabral ya karkata yamma har ya ci karo da Birazil.

Wannan gaɓa tana da labarin da ya shafi Hausawa. Iskokin nan ne suka tura jiragen bayi, kuma a farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa yankin Bahiya. Sun shirya tawaye a 1807, sun tashi a 1814, wasunsu kuma suna cikin Musulmin da suka yi tawayen birnin Salbador a 1835. Ɗalibin da jirginsa ke wucewa ta gaban wannan birni ya kamata a tsayar da shi a gaya masa.

Hankalin kewaye tsohon gado ne a ƙasar Hausa. Madugun da ke jan ayarin fatake zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro ba ya auna hanya da miƙewarta. Yana auna ta da mashaya da makiyaya, da yawan fito da kuɗin hanya, da zaman lafiyar garuruwa, kuma yana tashi a lokacin da koguna suka janye. Haka ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma yake jiran watan Oktoba. Daga madugu har matuƙi babu mai iko a kan ƙasa ko iska. Abin da ke hannunsu shi ne zaɓen hanya da zaɓen lokaci. Kuma dukansu sun san wanda ya makara bai faɗi ba tukuna. A 2008 Michel Desjoyeaux ya koma tashar farko saboda gyara, kamar yadda doka ta yarda a kwanakin farko, ya sake tashi kusan kwana 2 bayan kowa, ya cim ma ayarin, ya kuma ci tseren a kwana 84. Sau da yawa iska takan tsare na gaba har na baya ya iso.

Abin da fuskar waya ba ta nunawa

Adalci ne a faɗi aibin wasan. Shiga kyauta ce, amma akwai kayan ƙarin gudu da na sauƙaƙa tuƙi da ake saye da kuɗi, kuma ɗan ƙarin da suke bayarwa kowace awa yakan taru ya zama ɗaruruwan kilomitoci a wata 2. Yaron da ke biyan kuɗin cajin waya da na intanet daga aljihunsa kada ya sa rai da zama na ɗaya a cikin dubban ɗaruruwa. Bugu da ƙari akwai manhajojin lissafin hanya, waɗanda ke haɗiye hasashen yanayi su fitar wa mutum kusurwar da zai bi awa bayan awa. Dubban masu wasa sukan bi layi ɗaya kamar garken tumaki, ba tare da sun san dalilinsa ba. Wanda ya miƙa wa na'ura tunaninsa yana iya hawa jeri, amma zai gama kewaye duniya bai koyi komai game da ita ba. Akwai kuma cin lokaci da barci, domin masu son matsayi har tashin dare suke yi don juya jirgi, abin da bai dace da ɗalibi mai jiran jarrabawa ba.

Babban aibin kuwa shi ne, tekun waya ba ya jiƙa kowa. Jirgin hoto ba ya karyewa, mai shi ba ya jin sanyi ko tsoro. Tekun gaske ya ci matuƙa a wannan tsere, cikinsu har da Gerry Roufs ɗan Kanada, wanda ya ɓace a kudancin tekun Pasifik a Janairun 1997. A ƙarshen Nuwamban 2020 jirgin Kevin Escoffier ya karye biyu kudu da Afirka, ya shafe kusan awa 11 a cikin ɗan jirgin roba kafin Jean Le Cam ya tsamo shi. Waɗanda suka bar hanyarsu don nemansa an mayar musu da lokacinsu. Ta haka Yannick Bestaven, wanda aka rage wa awa 10 da minti 15, ya zama zakara, ko da yake Charlie Dalin ne ya riga kowa sauka. Dokar teku ta sa ceton rai a gaban nasara, wasan intanet kuwa ba shi da inda zai koyar da wannan in malami bai faɗa ba.

A cikin ruwan da ayarin ke gangarawa, tsakanin Kanari da Senegal, akwai wasu jiragen da ba sa fitowa a taswirar wasa. Su ne jiragen katako na masunta, cike da matasan Afirka ta Yamma masu neman shiga Turai. A 2006 fiye da mutum 30,000 suka isa Kanari ta wannan hanya, a 2024 kuwa fiye da 46,000. Daga Senegal tafiyar ta kai kusan kilomita 1500, kuma arewa ake nufa, wato ana fuskantar iskar da ke tura masu tsere kudu, da igiyar ruwa mai bin bayanta. Idan inji ya mutu ko mai ya ƙare, iskar takan kora jirgin yamma, inda babu ƙasa. A 2021 an tsinci irin wannan jirgi a kusa da tsibirin Tobago, a 2024 wani a gaɓar arewacin Birazil, babu mai rai a cikinsu. Adar ƙasar bida ce tun kaka da kakanni. Ƴaƴanta sun san Abijan da Kamaru, sun san Libiya da Aljeriya, kuma Tawa tana kan hanyar Agadas, inda ake jin labarin wani tekun da ke bayan hamada. A kan taswira kowane teku ɗan shuɗin fili ne da yatsa ke ƙetarewa. Yaron da ya yi mako guda yana fama da iskar gaba, ko da a waya ne, ya fara sanin cewa tazara 2 masu tsawo ɗaya ba su zama tafiya ɗaya ba, kuma wannan sani yana iya yi masa rana sa'ad da wani dillali ya nuna masa layi a takarda.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu

A Faransa malamai sukan sa aji guda a matsayin jirgi guda. Babu abin da ya hana a yi haka a kwalejin Afala ko a lise ta Tawa, tun da waya ɗaya ta isa. A zana taswirar Atlantika a kan takarda mai faɗi a manna a bango. Kowace safiya rukunin ɗalibai su karanta kibiyoyin iska, su yi muhawara, su zaɓi kusurwa da ma'auninta, ba tare da manhajar lissafi ba, su sa alamar inda jirgi ya kwana. Malamin lissafi ya samu kusurwa da gudu da lokaci, malamin labarin ƙasa ya samu layukan duniya da iskoki, malamin tarihi ya samu Bahiya da Gwanja. Lokacin ma ya dace, domin babban tseren yana faɗawa tsakanin Nuwamba da Janairu, ana tsakiyar karatu kuma ana tsakiyar hunturu. An tsara zagaye na gaba a 2028, kafin nan kuma wasan yana buɗe ƙananan tsere a cikin shekara.

Malamin harshe shi ne ke da aiki mafi daɗi. Bahaushe bai yi sana'ar jirgin zane ba. Ko Sarkawa, gwanayen ruwa, da gora da filafili suka saba. Don haka kalmomin wasan da Faransanci suke zuwa, kuma littafin tafiyar da aji zai riƙa rubutawa da harsuna 2 zai tilasta a nemi na Hausa. Wasu suna nan a ajiye. Jigo yana garka, zango da ayari da jagaba suna bakin fatake. Abin da Bafaranshe ke kira louvoyer ana iya ce masa hawan jaki, anticyclone kuma tudun iska. Ta fuskar iskar kanta kuwa Hausa ba ta da talauci: akwai hunturu da hazo da buji, akwai guguwa, akwai iskar bazara, akwai holoƙo hadarin kaka. Ya kamata a aiki ɗalibai wurin tsofaffin manoma da makiyaya na ƙauyukan Afala, su tambayo sunan kowace iska da Adaranci, da inda take fitowa, da abin da take sanarwa, su rubuta, su gwada da abin da taswirar hasashe ke nunawa a ranar. Ƙungiyar al'adu da ta tattara waɗannan sunaye daga Afala da Barmu da Kalfu da Keita ta samar da ƙaramin ƙamus da babu irinsa, tun kafin masu riƙe da su su ƙaura.

Ɗalibin da aka bi da shi ta wannan hanya zai daina ɗaukar labarin ƙasa a matsayin jerin sunayen da ake haddacewa don jarrabawa. Zai gane cewa kakansa, mai duban gabas da yamma kafin ya fitar da iri, yana karanta shafi ɗaya ne na littafin da matuƙan teku ke karanta sauran shafukansa. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kuma maido da ƴan bida gida lafiya.